Ranar da Aka Yi Ruwa a Cikin Gidan Alhaji Tanimu

Ku gyara zama, tunda rana ta yi sanyi kuma masu ciniki sun ɗauke ƙafa. Wanda bai san ni ba, ni ne Barau mai huluna, kuma in ana maganar mutanen da suka san wuta a garin nan, sai an gama da ni tukuna a nemi na biyu. Hancina yana jin ƙauri tun abu bai gama shirin kamawa ba. Gobarar gidan Alhaji Tanimu da kuke ta ji a bakin mutane, ni na kashe ta. Ba na son faɗa, don ni mutum ne mai kunya, amma yau ta kama dole.

Abin da ya sa ta kama, Alhaji Tanimu ya fitar da kujerar Makka guda, ya ce a ba wanda ya ceci ran yayansa, Baba Sallau, a wannan gobara. Da na ji haka sai na ce a cire sunana, don in ina ciki babu sauran gardama, kuma majalisa ba ta daɗi sai da gardama. Aka cire ni, saura mutum uku, kuma babu wanda ya taɓa taka ƙasa mai tsarki a cikinsu. Alhaji ya yi ta juya abin ya kasa yankewa. To ga shi na kawo muku, ku ji yadda aka yi, ku yanke.

Gidan dai ko ba ku shiga ba kun wuce ta gabansa. Bene ne a bakin kasuwar yadi, ƙasa shaguna, tsakiya shaguna, can sama kuma sito da wurin zaman masu ɗinki da guga. Alhaji Tanimu tun yana saurayi ya taɓa tsayawa yana kallon rumfarsa tana ci, ba abin da ya fita da shi sai rigar jikinsa. Shi ya sa da Allah ya buɗa masa ya tashi gina nasa, ya kira injiniyoyi suka sa masa kayan kashe gobara irin na manyan otal. Jan bututu ya bi silin ɗin kowane hawa, kowane 'yan taku sai ka ga ɗan kan famfo ya leƙo ƙasa, da wata 'yar kwalba siririya a bakinsa. In zafi ya kai mata sai ta fashe, ruwa ya watsu kamar an buɗe lema. A tsakar gidan aka haƙa tanki a ƙarƙashin ƙasa, aka sa masa inji mai tashi da kansa, a ƙarƙashin matakala kuma akwai babban makunnin ruwan, mai kama da sitiyarin mota. 'Yan kasuwa suka ɗaga kai suka duba, suka raɗa wa abin suna shawar Alhaji.

Sai dai Alhaji ya daɗe da barin zaman shago, ya manta halin 'yan uwansa. Mai yadi ya fi tsoron ruwa a kan wuta. Wuta tana iya yin rayuwar mutum kaf ba ta zo ba, amma ɗigon ruwa ɗaya a kan shadda ya isa ya kashe mata ƙyalli, mai saye ya juya ta ya ce tsohon kaya ce. Yanzu kuma a ce mutum ya jera dukiyarsa tun daga ƙasa har sama, ga famfo a tsaye a kanta yana kallonta. Tun ranar tarewa zukata ba su kwanta ba.

Ana nan sai abin da ake tsoro ya faru, ta hannun Lantana mai turare, wadda ita ce ta farko a cikin mutanenmu uku. Bazawara ce mai 'ya'ya, tana da ɗan shago a ƙasa tana sayar da turaren wuta da humra. Wata rana maƙwabcinta ya roƙe ta ta turara masa leshi, ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora shi can saman diloli don hayaƙin ya bi kayan, ashe dab da kan famfon ta ajiye. Kwalba ta ce tas, ruwa ya sauko. Kai ɗaya ne ya buɗe, dila biyu ko uku ya jiƙa kafin a rufe. Amma kafin labarin ya kai bakin ƙofar gidan an ce shago guda ya nutse, kafin ya kai tasha an ce an ga atamfa tana iyo a kan titi. Ni da idona na ga atamfar, ko da yake daga nesa ne.

Washegari ƙungiyar 'yan gidan ta zauna. Aka yanke a rufe sitiyarin nan a ɗaure shi da sarƙa, ciyaman ya riƙe mukulli. Aka kuma ce ko an rufe, akwai ragowar ruwa a bututu, in ɗan dako ya ɗaga dila ya bugi kwalba to an shiga uku. Sai wani mai basira ya kawo dabara: a sami gwangwanin madara, a cusa tsumma a ciki, a kifa a kan kowane famfo a ɗaure da waya. Kowa ya ce wannan kai ya yi. Ba zan faɗi ko wane ne ba, amma har yau in an tuna dabarar ana waiwayo ni. Na kawo ta ne dai don in gwada hankalinsu, sai suka ɗauka da gaske. Cikin mako guda gidan nan kaf ya zama gwangwani reras a silin. Alhaji Tanimu kuwa yau yana Legas gobe yana Dubai, in ya zo a ofis yake tsayawa, wa zai gaya masa.

Ita kuma Lantana aka ce ta tattara kaskonta ta koma sama, can lungun sito, inda mai sayen turare sai ya yi niyya ƙwarai zai kai. A nan ta zama maƙwabciyar Baba Sallau. Tsoho ne mai aikin hannu, irin masu yi wa babbar riga aska a ƙirji, ƙafafunsa sun shanye tun shekarun baya. Ƙaninsa Alhaji Tanimu ya yi ya yi da shi ya zauna a gida ya ƙi, ya ce in ya ajiye allura mutuwa zai yi. Kullum da safe 'yan dako su ɗauko shi su hau da shi sama, don tagar can ta fi haske, da yamma su sauko da shi. Tagar kuwa duk ƙarafa ne.

Lantana ta zauna kwanaki tana kallon tsohon nan, tana kallon gwangwanayen da ke kansa, tana kallon masu guga a bakin matakala da dilolin da aka tara har silin. Ta dai san ta yi watanni tana hayaƙi a ƙarƙashin famfon can na ƙasa bai taɓa motsi ba sai ranar da garwashi ya je kusa da shi. Ta sauka ta sami ciyaman, ta ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan ko miƙewa ba ya yi. In wani abu ya tashi a sama, ina zai bi?"

Ya ce, "Lantana, ke da kika jawo mana wannan duka, ke ce kuma za ki zo da wa'azi? Je ki sayar da turarenki."

Ta ce to. Ta koma ta ari tsani wurin masu sito, ta ɗaura ɗamara da mayafinta, ta hau. Mace mai shekaru, ga jiki, tsani yana rawa, tana warware waya da ɗan yatsa. Baba Sallau ya ɗaga kai ya ce, "'Yar nan, sauko kar ki karye, ba ni da ƙafar da zan ara miki."

Ta ce, "Baba, yi ɗinkinka."

Ya ce, "Ai an ɗaure sitiyarin ma, wahalar me kike yi?"

Ta ce, "Wanda ya ɗaure zai iya kwancewa. Amma ran da abin zai zo, ba wanda zai tsaya neman tsani."

Ta cire gwangwanayen hawan sama kaf. Masu sito suka gani suka mayar. Ta sake cirewa, suka sake mayarwa. Daga baya ta daina jefar da gwangwanayen, ta riƙa wanke su tana zuba turare a ciki tana sayarwa, har aka soma ce mata ɓarauniyar gwangwani. Aka kai ƙararta ƙungiya, aka ce in ta ƙara za a kore ta daga gidan gaba ɗaya, ita da ba ta da wata hanyar ciyar da 'ya'yanta sai wannan lungu. Ta ce ta ji. Da aka tafi sallar azahar ta jawo tsani. A ƙarshe masu sito ne suka gaji, don madarar da suke sha ba ta kai yawan gwangwanin da take kwashewa ba. Wannan ke nan aikin Lantana.

Na biyu shi ne Malam Cindo, ladanin ɗan masallacin da ke tsakar gidan. Siririn dattijo ne, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi. Ban da kiran salla, shi ke cika butoci da randar alwala. Da bazara ta kama, rijiyar burtsatsen gidan ta ja baya, 'yan ga-ruwa suka soma yanga. Sai mutane suka tuna ai ga tanki nan cike a ƙarƙashin ƙafarsu, an ɗaure sitiyarinsa, ruwa yana zaune ba aikin fari. Aka ɗaga murfi aka zura guga. Da farko alwala ce kawai. Daga nan mai abinci ta ɗebi na wanke-wanke, masu wankin mota suka gano hanya, har daga gidajen maƙwabta ake zuwa da jarka.

Malam Cindo ya leƙa wata rana ya ga igiyar guga sai ƙara tsawo take yi. Bai ce wa kowa komai ba sai da Alhaji Tanimu ya zo gari, ya tare shi a bakin mota ya ce, "Alhaji, ruwan tankin nan, na mene ne?" Alhaji yana sauri, ya ce, "Na wuta ne mana, Malam." Ya shiga mota ya tafi. Shi ke nan abin da Malam yake son ji. Ya samo kwaɗo ya garƙame murfin, ya rataya mukullin a wuyansa tare da carbi.

Aka yi masa caa. Wani ya ce, "Malam, kai da ya kamata ka kira mutane salla, kai ne za ka hana Musulmi alwala?"

Ya ce, "Na tambayi mai ruwa, ya ce na wuta ne. Ni ba na tsayawa gaban Ubangiji da ruwan da aka ba ni ajiya."

Aka ce, "To da me za mu yi?"

Ya ce, "Ku zo lokacin salla, za ku tarar da ruwa."

Suka kuwa tarar. Dattijon nan ya ari kura, ya riƙa tura ta har bayan tasha inda famfo ke zuwa, ya cika jarkoki ya turo, safe da rana, a cikin zafin da ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa. In ya sami rara sai ya buɗe murfin ya juye a tanki, ya mayar da abin da aka kwashe. Duk da haka ba a bar shi ba. Aka sa masa suna Maigadin Rijiya. Aka ce tunda ya zama ɗan ga-ruwa, muryarsa ta dushe, a ba wani lasifika. Mutumin da ya kira salla a gidan nan tun ranar da aka buɗe shi, ya koma yana jin wani yana kira, shi yana jera butoci. Mukullin kuma bai bar wuyansa ba.

Ni kaina mun ɗan sami saɓani da shi. Wata rana ya tarar da ni a bakin tankin da guga da wani ɗan ƙarfe a hannu, ya ɗauka kwaɗon nake son ɓallewa. Alhali zurfin ruwan na je aunawa, don mutum irina ba ya barin irin wannan abu a hannun kowa. Ya karɓe gugan, har yau bai ba ni ba. Na yafe masa. Wannan ke nan aikin Malam Cindo.

Na uku shi ne ciyaman ɗin da kansa, Tukur mai shadda. Ana ce masa Alhaji Tukur, amma tumbi ne ya jawo masa, bai taɓa zuwa Makka ba. Shekara da shekaru yana niyya, kullum wani abu ya gifta. A wannan shekarar ya tattara duk abin da ya mallaka ya sauke shaddar Salla, mai ƙyallin nan da ke ƙara in an taɓa, da nufin in ta fita ya biya kujera. Ya jibge ta a shagonsa na hawan tsakiya, daidai gindin matakalar da ta sauko daga sama. Shi ne ya ɗaure sitiyari, shi ya kori Lantana da magana, kuma da bakinsa aka karɓe lasifika daga hannun Malam Cindo. Ban ɓoye muku komai nasa ba.

To ranar Juma'a ce. Kun san al'adar gidajen kasuwa, in lokaci ya gabato kowa ya ja ƙofarsa, mata su tafi gida, maigadi ya kulle babban get, a ɗunguma masallaci. Yawanci 'yan dako sukan sauko da Baba Sallau su kai shi sahu. Ran nan ya ce bayansa na ciwo, a bar shi ya yi azahar a wurinsa. Tun hantsi an ɗauke wuta, wani cikin masu guga ya bar dutsensa a jone a kan tebur, kusa da tarin yadi, ya manta. Ana cikin huɗuba aka dawo da wuta.

Mu muna zaune a sahun waje, a kan titi. Ni na fara jin ƙaurin, na yi shiru don kar in katse wa liman huɗuba. Sai da wani ya ɗaga kai ya ga hayaƙi yana fita ta tagogin sama sannan aka tashi. Aka finciko maigadi daga sahu, aka buɗe get. Samari suka nufi matakala, suka kai rabi suka dawo suna tari, don wutar a bakin matakalar take ci, ta tare hanya. An kira 'yan kwana-kwana, amma ranar Juma'a ce, titi duk tabarma da motoci.

Abin da kowa ya sa a gaba shi ne kaya. Mutane suka yi layi tun daga hawan tsakiya har titi, ana miƙo diloli hannu da hannu. Ba wanda ya tuna da tsoho, kowa ya ɗauka yana masallaci. Tukur ne ya hango 'yan dakon da ke ɗaukarsa suna cikin layi, ya kama ɗaya ya ce, "Ina Baba?" Mutumin ya saki dilar da ke hannunsa, ya ɗaga kai sama.

Tukur ya juya ya nufi ƙarƙashin matakala. Ɗan ɗakin da sitiyarin yake an mayar da shi ma'ajiyar kwalaye da karyayyun benci, sai da ya riƙa fincikowa yana jifa da su baya. Ina bayansa a lokacin. Baya sosai, wajen bakin get, inda mai ba da umarni ya kamata ya tsaya don ya ga komai. Ya zaro mukullai, ya kwance sarƙa. Ƙaninsa da ke tsaron shago tare da shi ya biyo shi da gudu ya riƙe masa hannu, ya ce, "Yaya, dakata. Ba a taɓa namu ba tukuna, yanzu layi zai iso kanmu. In ka buɗe, duk ruwan nan ta matakala zai gangaro, a shagonmu zai sauka. Ka ba mu ɗan lokaci kaɗan mu fitar."

Tukur ya ce, "Shi tsohon wa zai ba shi lokaci?"

Ya ce, "Yaya, Makkarka ce fa a ciki."

Ya ce, "Na sani. Sake ni."

Sitiyarin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Tukur ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe hannu da ita, ya sa ƙafa a bango ya ja, har fatar tafinsa ta saluɓe. Sai abin ya yi ƙara ya juya. Injin tsakar gida ya yi tari sau biyu ya tashi da kansa, aka ji bututu yana rawa tun daga ƙasa har sama. A can sama kwalaben da ke kan wutar sun riga sun fashe tun ɗazu, suna jiran ruwa kawai. Ba gwangwani a bakinsu, tanki kuma cike. Baƙin hayaƙin da ke fita ta taga ya soma yin fari.

Ba a jima ba ruwa ya biyo matakala, baƙi ƙirin da toka, ya shiga shagon Tukur kamar an nuna masa hanya. Yana tsaye yana kallo, shaddar nan tana sha tun daga dilar ƙasa. Ƙaninsa ya zauna a kan bencin da aka jefar ya dafe kai. Tukur bai ko dubi wajen sau biyu ba, sai tambaya yake ko hayaƙin ya ragu a hau.

Da aka hau, an tarar wutar ta cinye teburin guga da dilolin da ke kusa, ta tsaya a nan, sauran sito ko ƙauri bai yi sosai ba. Baba Sallau yana can ƙasan tagarsa, ya ja jiki ya kwanta, ya rufe hanci da hularsa, ya danne rigar da yake wa aiki a ƙarƙashin cikinsa. Ya jiƙe sharkaf, yana tari, amma da ransa. Abin da ya fara faɗa shi ne, wane mara tarbiyya ne ya jiƙa masa zare. Lokacin da 'yan kwana-kwana suka iso, babbansu ya zagaya ya duba silin, ya ce wa jama'a da abin nan bai yi aiki ba, da gidan da maƙwabtansa sai dai a share wuri.

To kun ji. Masu goyon bayan Lantana suna cewa ruwa ko ya kai kogi, in gwangwani da tsumma na bakin famfo, a cikin gwangwanin zai ƙare, kuma ita ta fara tuna akwai mutum a sama, ta sa abincin 'ya'yanta a kan tsani. Masu kushe ta suna cewa ai kaskonta ne ya jawo aka rufe komai tun farko. Masu goyon bayan Malam Cindo suna cewa a buɗe famfo a buɗe sitiyari, in tanki ya ƙafe iska ce za ta fito, kuma shi bai san tsoho ba bai san gobara ba, amana kawai ya riƙe, ya biya da ƙarfinsa da lasifikarsa. Masu kushe shi suna cewa to ai shi ke nan, ba don Baba Sallau ya yi ba, ladansa yana wurin Allah. Masu goyon bayan Tukur suna cewa su biyun sun yi nasu a cikin kwanciyar hankali, shi kuwa a tsakiyar wuta ya zaɓa, dukiyarsa a gefe guda ran mutum a gefe guda, kuma kujerar da ake magana a kai irinta ce ya zubar da hannunsa. Masu kushe shi suna cewa ƙullin da ya ɗaura ne ya kwance, da bai sa sarƙa ba da ruwa ya sauka tun kafin wani ya ga hayaƙi.

Saura abu ɗaya da ban so faɗa ba, yadda aka sauko da tsohon. Ni na goyo shi. Na sa shi a baya, ruwa na dukan mu, matakala na santsi, yana ce mini, "Barau, Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ne namiji a gidan nan." Na ce, "Baba, riƙe wuyana dai." A'a, Mati direba, yaushe ka iso? Sannu da hanya. Ku matsa masa ya zauna, yanzu nake ƙarasawa. Me ka ce, Mati?

"Cewa na yi wace Juma'a kake nufi, Barau? Ta gobarar gidan Tanimu?"

Ita mana, akwai wata ne?

"To ai da sassafen ran nan ni na ɗauke ka a tasha zuwa Gumel, sunan jikar ƙanwarka. Gidan gaba ka zauna. Tun kafin mu fita gari ka soma minshari."

Mati, direban kirki hanya yake kallo, ba fuskar fasinja ba. Masu kama da ni suna da yawa.

"Mai kama da kai ɗin ne ya shanye mini raken da na ajiye a gaban mota? Ran Asabar na dawo da kai, na sauke ka a ƙofar gidan nan, ka ga kwata cike, ka tsaya kana tambayar mutane wai an yi ruwa ne a bazara."

To, dariyar ta isa haka, ku manyan mutane ne. Mati ya sha rana a hanya, a ba shi ruwa ya sha. Maganar Gumel kuma ba ita Alhaji Tanimu ya aiko a tambaya ba. Kujera dai ɗaya ce, jirgi kuma ba ya jira. Tsakanin Lantana da ta cire gwangwani, da Malam Cindo da ya tsare tanki, da Tukur da ya juya sitiyari, wa za a ba?